Hoda a Baiti na Huɗu

"Lafiya lau muka tashi, tavale, sai da inuwarka ta faɗo mini a kan aiki. Matsa can, ka tare mini rana da wannan tumbin."

Torika ce ke amsa gaisuwa, ko kai ba ta ɗago ba. Tana zaune a barandar gidanta da ke bakin teku a ƙauyen Nasaulevu, ta shimfiɗa farin masi, ƙyallen nan da ake bugawa daga ɓawon itace, tana ɗora masa zane da baƙin gawayi ta cikin hudajjen ganyen ayaba. Wanda ya tare mata rana kuwa Netani ne, ɗan ƙanwar mahaifinta. Ɗan mace da 'yar namiji ke nan, abin da mutanen Fiji ke kira tavale, kuma tun suna yawo ba wando ba a taɓa jin ɗayansu ya faɗa wa ɗan'uwansa magana mai daɗi ba. Dukansu shekarunsu hamsin da tara.

Ranar ba ta zama ba ce. Da tsakar rana za a buɗe sabon cocin da aka gina a gurbin wanda guguwa ta kwashe shekara uku da suka wuce, kuma ƙauyuka biyar ne ke tafe. Tun da sassafe hayaƙi ke tashi daga ramukan da aka binne alade da gwaza a kan duwatsu masu zafi. Bayan addu'a maza talatin za su fito meke, rawar mashi, Netani a tsakiyar layin gaba, inda ya shekara ashirin da biyu yana tsayawa.

Wurin nan ne ke neman kuɓuce masa. Jiya bayan gwaji na ƙarshe, tsoho Semesa, wanda ya tsara waƙar da rawar, ya ja shi gefe ya faɗa masa magana ɗaya. Fuskar mai tsakiyar layi ita kowa ke kallo. In ta karye yau a gaban baƙi, wani ne zai tsaya a wurin daga yanzu, shi kuma ya koma cikin mawaƙa ya zauna yana buga gora a ƙasa.

"Tumbin nan shi ke riƙe da layin gaba," in ji Netani. "Gawayi na zo karɓa, da man kwakwa."

"Gawayi kuma? Na ba ka ran Talata, na ba ka ran Alhamis. Ci kake yi, ko miya matarka ke kaɗawa da shi?"

"Fuskar manya ai ba irin ta ƙananan mutane ba ce. Tana da faɗi."

"Faɗi kam akwai. Jirgin sama zai sauka a goshin nan, ya juya, ya tashi, bai taɓa gashi ba."

"Wanda kika ba ni ne ba shi da kyau. Zuba yake yi."

Sai a lokacin ta ɗago.

"Gawayina ne ke zuba? Masin da na zana ranar aurenka har yau yana rataye a ɗakinka, ya ga guguwa biyu bai zuba ba. Ya ma fi angon daɗewa da kyaunsa."

"Angon da kika yi kwana uku kina kuka don bai ɗauke ki ba?"

"Kukan murna na yi. Har yanzu duk Lahadi sai na ƙara wa Allah godiya, ina kuma yi wa matarka addu'ar haƙuri."

Netani zai mayar, sai idonsa ya faɗa kan wani abu a gefen tabarmarta. Gwangwani ne fari, tsawonsa ya kai kamu ɗaya.

"Mene ne wancan?"

"Hodar jarirai. Babban gwangwani. Shi kaɗai ya rage a kantin ƙauye, da gudu na riga matan unguwar sama." Ta shafa shi kamar mai lallashin jinjiri. "Naka ne, kai kaɗai. Ko ƙwaya ba zan ba wani ba."

Kowa ya san yadda abin yake. Idan rawa ta yi zafi a baitin ƙarshe, mata kan taso daga cikin 'yan kallo suna rangaji, su baɗe maza da hoda, su yafa musu yadi, su cusa musu alewa a baki, mai rawa kuwa ba shi da izinin ko ƙifta ido. Yabo ne, amma a hannun tavale yakan zama yaƙi. Bara da Kirsimeti Torika ta rataye masa ɗankamfanta na ciki a tsinin mashi, ya yi ta sukar iska da shi yana kaɗawa kamar tuta, har dariya ta ƙwace masa ta hanci. Ƙauyen bai manta ba.

Ya tsuguna.

"Tavale, yau dai ki bar ni."

"Au! Ni dai na san ruwa ba ya tsami banza. Ashe roƙo ne ya kawo ka, gawayi ɗan rakiya ne."

"Tsoho Semesa ya ce in fuskata ta karye yau, gora zan koma."

Torika ta tafa hannu har gawayi ya tashi.

"Gora! Netani a zaune cikin masu ciwon gwiwa, yana dum, dum, dum! Kai, Allah ya nuna mini. Ni zan saƙa maka matashin zama, mai taushi, saboda basir."

"Zan kawo miki kifi. Babba."

"Kai da kifin da ka kama na ƙarshe sai da muka sa tabarau kafin mu gan shi?"

"Zan gyara miki rufin kicin."

"Ka hau rufina? Me rufin ya yi maka?"

"Ke dai ba ki da imani. Shi ya sa ko kare ba ya bin ki."

"Ga ka nan ka biyo ni tun da safe." Ta janye masin gefe, ta jawo ƙoƙon gawayi da kwalbar mai. "Zo nan. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Bari in shafa maka, ka nuna mini fuskar da ake ta kuri da ita. In ka riƙe ta har na gaji, na bar ka. In ka yi dariya, ka je ka zaɓi gorarka tun da sauran masu kyau."

Ta kwaɓa gawayin da mai, ta shafa masa daga goshi zuwa karan hanci, ta ja baƙi ƙirin a kumatu biyu. Hannunta na da sauri, kuma ko tana zagin mutum layinta ba ya karkacewa. Netani ya miƙe, ya ɗauki tsintsiyarta mai doguwar sanda a madadin mashi, ya buɗe ƙafafu, ya durƙusa kaɗan. Ya zare ido har farin ya fito, ya haɗe gira, ya hura hanci, ya datse leɓe.

Gaskiya, fuska ce. Kazar da ke kiwo a gindin baranda ta ja 'ya'yanta ta bar wurin.

"Wannan ce?" in ji Torika. "Wannan ai fuskar wanda ciki ya ɗaure wa kwana uku ce. In abokan gaba suka gan ka, magani za su ba ka."

Bai motsa ba.

"Kamar kifin da aka manta a rana. Kai, kifin ma ya fi ka kwarjini, shi ko ba komai yana da wari."

Ta tashi ta tattare zani, ta yi masa tafiyar kaguwa a kaikaice daga wannan bango zuwa wancan. Ta tsotse leɓɓanta ciki, ta kwaikwayi tsoho Semesa yana rera waƙa ba haƙori, yana feshin yawu. Ta kwaikwayi Netani kansa ranar da ya tashi karanta Littafi a coci ya tarar ya zo da tabarau ɗin matarsa. Ta matso dab da hancinsa ta yi kukan alade.

Ko gashin girarsa bai girgiza ba. A ransa yana jin daɗi, don ya san Torika ta kusa ƙare kayan cikin jakarta.

Daidai nan gangar itace ta tashi daga bayan coci. Mawaƙa ne ke gwajin ƙarshe kafin baƙi su iso. Gorori suka faɗi ƙasa tare, muryoyin maza suka shimfiɗu a ƙasa kamar tabarma, na mata suka hau kai. Iskar teku ta kawo waƙar har baranda, kalma-kalma. Baiti uku na farko tsofaffi ne, labarin jiragen kakanni da yadda suka sami tsibirin. Torika ma ta ɗan tsaya tana kaɗa kai. Sai kiɗan ya sassauta, aka shiga baiti na huɗu, sabon da Semesa ya ƙara a bana.

Baitin Ilisoni ne, yayan Netani. Ranar guguwa shi ya ɗauki jirginsa ya je kwaso mutanen da ke aikin kwakwa a ƙaramin tsibirin da ke tsallake. Ya yi sahu biyu, ya kawo mutum goma sha ɗaya. Ya koma na uku don ya tabbatar ba a bar kowa ba. Bayan kwana biyu aka tsinci jirgin a kan duwatsu, babu kowa ciki.

"Ya kai sahu, ya kai sahu," in ji muryoyin mata, "teku ta ce saura naka."

Girar Netani na nan a haɗe, idanunsa a zare, leɓensa a datse. Amma layi biyu na ruwa sun tsaga gawayin daga ido har haɓa, suna ɗiga baƙi a ƙirjinsa.

Torika ta daɗe tana kallonsa.

"Ashe gawayina ba shi da laifi," ta ce a hankali.

"Hayaƙi ne."

"Hayaƙin yana can ƙarshen gari, iska na kai shi daji."

"To man ne ya shige mini ido."

"Netani. Haka kake yi a duk gwaji?"

Girarsa ta ɗaga sau ɗaya, wato e. Ya jingine tsintsiyar, ya zauna a bakin baranda.

"A baitin nan ake juyawa dama a ɗaga mashi," ya ce. "Shekara goma sha tara, in na juya dama, Ilisoni nake gani a gefena. Yanzu in na juya sai in ga wani. Tsoho ya ce mawaƙa su yi kuka in sun ga dama, murya na iya ɗaukar hawaye, har daɗi take ƙarawa. Amma mai mashi an fito da shi ne don baƙi su ga garin nan bai durƙusa ba. Ya ce labarin zuciya a tambayi fuska, to kada tawa ta ba su amsa."

"Shi ne ka bar ni ina tafiyar kaguwa da tsufana, alhali ba dariya kake tsoro ba?"

"In kika zo da shirmenki a kan wannan, ban san me fuskar za ta yi ba. Shi ya sa na ce ki bar ni."

Torika ta ja dogon numfashi, ta fyace hanci da gefen zani, sai muryarta ta koma yadda take.

"Kai dai rago ne tun asali. Ranar da kaguwa ta kama maka yatsa, har tsallaken ruwa an ji ihunka, aka zaci jirgin kaya ne ya iso."

"Shekarata shida a lokacin."

"Ba abin da ya canza sai tumbi. Daga wace kalma abin ke taso maka?"

"Me ya dame ki?"

"Ina tambaya kana tambaya? Daga wace kalma?"

"Daga 'ya kai sahu' na biyu."

"To, a na farko zan taso." Ta ɗauki gwangwanin ta jijjiga shi a kunnensa. "Wa ya taɓa ganin wanda aka juye wa wannan a ido bai yi hawaye ba? Ko Semesa ba zai hukunta ka a kan laifina ba. Kai dai ka riƙe haɓa, ka riƙe mashi. Idanun ka bar mini."

Netani ya buɗe baki.

"Kin haukace? Ba a shiga fili sai baitin ƙarshe. Wannan baitin makoki ne. A gaban sarakuna biyar? Matan coci za su cinye ki ɗanya."

"Shekara hamsin da tara suna ci, ka ga na rame?"

"Tavale, sunanki zai ɓaci."

"Wane sunan? Kuma ka manta Ilisoni ma tavalena ne? Yana da rai na zuba masa barkono a shayi, na ɓoye masa wando yana wanka a rafi. Don ya mutu ba zai tsere mini ba. Ina da iko in ɓata masa waƙa, kowa ya sani. Zauna daidai in gyara maka fuska, ka koma kamar tukunyar da aka bari a ruwan sama."

Da rana ta take, filin ƙauye ya cika har bakin ruwa. An gama addu'a, an yanke ƙyalle, manya sun zauna a rumfa. Ganga ta kira, maza talatin suka fito a guje da ihu ɗaya, jikinsu na ƙyalli da mai, ganye a ƙugu da damtse, fuskoki baƙi ƙirin. Suka doka ƙafa ƙasa ta amsa. Mashi talatin suka tashi tare, suka sauka tare, mata na ta kururuwa, wani tsoho daga cikin baƙi ya manta da sandarsa ya miƙe tsaye. Netani na tsakiya, ya ji jininsa na tafasa kamar yana ɗan ashirin. Ya soki gabas, ya soki yamma, ya zare wa rumfar manya ido har wani basarake ya ja da baya a kujera.

Sai kiɗa ya sassauta. Fili ya yi tsit, don kowa a Nasaulevu ya san baitin da ke tafe. Netani ya ƙara damƙe mashinsa.

"Ya kai sahu..."

Ta gefen ido ya hango ta. Torika ce a tsakiyar fili ita kaɗai, cikin jar riga mai furanni, tana rangaji a hankali, ta rungume gwangwani. Matan coci suka dafe ƙirji. Wata ta kira sunanta da muryar gargaɗi. Ko waiwaye ba ta yi ba. Ta iso gabansa daidai lokacin da ya juya dama ya ɗaga mashi, ta cire murfin gaba ɗaya, ta juye.

Farin gajimare ya tashi. Mutum biyu na damansa da biyu na hagunsa suka koma fatalwa. Ta cusa masa minti a baki, ta matso kunnensa.

"Yi kukanka, rago. Na rufe ka."

Ya yi. Ruwa ya yi ta zuba ta cikin hoda da gawayi, amma haɓarsa ba ta motsa ba, girarsa na haɗe, mashinsa bai saɓa wa ganga ba ko sau ɗaya. Fili ya rasa abin yi, har sai da matar marigayi Ilisoni, wadda ke zaune a gaba, ta fashe da dariya tana share ido tana cewa, "Torika ba ta bar shi ba ko a can!" Daga nan kowa ya ɗauka. Mawaƙa suka ƙarasa baitin da murya mai rawa, ganga ta koma da zafinta, mata suka kwararo fili da yadi da alewa tun kafin lokacinsu.

Bayan an tashi, tsoho Semesa ya tako da sandarsa. Ya tsaya ya daɗe yana duban fuskar Netani, wadda yanzu ba baƙa ba ce, ba fara ba, kwaɓaɓɓiya ce kawai.

"Tavalen nan taka ba ta da kunya," ya ce. "Amma ka riƙe. Ni da an juye mini wannan, da atishawa ta kai ni teku. Wurinka na nan."

Netani ya same ta a bayan coci, gindin mangwaro, ta ba jama'a baya. An riga an yi mata faɗa sau uku, kuma shugabar matan coci ta ce za ta zo gida ta ƙarasa. Ya zagayo gabanta. Hodar da ta shafo da hannu ta yi mata fari a kumatu, layi biyu sun tsaga ta har haɓa.

"A'a! Ke kuma fa?"

"Hoda ce ta shige mini ido."

"Ni aka juye wa, ke ta shige wa?"

"Iska ce ta juyo."

"Iskar da ta bar mutum talatin ta zaɓe ki? Tavale, ashe ke ma raguwa ce."

"Ka ƙara faɗa, in je in gaya wa Semesa gaskiya yanzun nan. Gora na nan an jingine, ba ta da mai ita."

Dariyar da ya danne tun safe ta ƙwace masa gaba ɗaya, har sai da ya dafa mangwaron. Ya cire sarƙar furannin da baƙi suka rataya masa, ya sa mata a wuya, ya kwance yadi uku da aka yafa masa ya ɗora mata a kafaɗa.

"Kin ci, tavale. Na sallama."

Ta ɗaga furannin ta shinshina, ta yatsina fuska.

"Sun yi yaushi, kuma warin zufarka suke. Amma daga hannun rago, an gode." Ta yago gefen yadi ɗaya da haƙori, ta raba biyu, ta miƙa masa rabi. "Ungo. Share fuskarka kafin a gane mu."